Wa ya warkar da majiyyacin? Fashin baƙi kan gabatar da sunaye don lambar yabo ta binciken kansa

A shekarar 1956, a Cibiyar Kansa ta Ƙasa da ke Bethesda a Amurka, wani likita ɗan asalin ƙasar Sin mai suna Min Chiu Li ya fara bai wa wata matashiya maganin methotrexate. Tana fama da wata muguwar kansa da ke tasowa daga mabiyya bayan ɗaukar ciki, kuma cutar ta riga ta kai huhu. A wancan zamani duk wadda ta kai wannan mataki, kwana kawai ake ƙirga mata. Sai ga matar ta tashi. Aka gwada a kan wasu matan, su ma ƙarin ya narke. Amma Li bai tsaya nan ba. Ya lura cewa ƙwayoyin wannan kansa suna fitar da wani sinadari da ake kira hCG, kuma muddin gwaji yana nuna ragowarsa a jiki, to cutar tana nan a laɓe, ko da hoton huhu ya fita tas. Don haka ya ci gaba da ba da magani mai wahalarwa bayan kowa ya ɗauka an gama. Manyansa suka ce wannan ganganci ne da rayukan mutane, suka sallame shi daga aiki. Daga baya ta bayyana cewa shi ke da gaskiya, domin in aka tsayar da maganin da wuri cutar kan dawo. A 1972 sunansa yana cikin waɗanda aka bai wa lambar yabo ta Lasker, ɗaya daga cikin mafi daraja a fannin likitanci.

Kusan shekara goma sha biyar ke nan tsakanin kora da karramawa. Mutane kan kalli ranar bikin, su ga hoto, su ga ana tafi, su ɗauka cewa lambar yabo da kanta take gano wanda ya cancanta. Ba haka abin yake ba. Kwamitin da ke zaɓe ba ya yawo asibiti-asibiti yana neman gwanaye. Abin da aka ajiye masa a tebur shi yake dubawa. Dole sai wani ya zauna, ya tattara hujjoji, ya rubuta wasiƙa, ya miƙa kafin wa'adi ya cika. Wanda ba a miƙa sunansa ba, komai ƙwazonsa, bai shiga lissafi ba. Shi ya sa nake ganin rabin hukuncin kowace lambar yabo an riga an yanke shi tun a matakin gabatar da sunaye, tun kafin kwamiti ya yi zamansa na farko.

Sai mu fara da bambanta abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Binciken kansa ya kasu gida-gida. Akwai wanda ake yi a ɗakin gwaje-gwaje, da ƙwayoyin halitta a cikin faranti da ɓeraye a cikin keji, inda ake neman sanin yadda ƙwayar jiki lafiyayya ke rikiɗa ta zama kansa. Akwai kuma wanda ake yi a bakin gadon asibiti, a kan mutum mai rai, mai iyali, mai jin zafi, inda tambayar ita ce: wannan magani, ko wannan tiyata, ko wannan hanyar gwaji, ya ƙara wa majiyyaci kwana ko ya rage masa wahala? Na biyun shi ne muke magana a kansa. Ya fi na farkon jinkiri, ya fi shi tsada, kuma ya fi shi wahalar danganawa ga mutum ɗaya.

Misali mafi sauƙi shi ne na mutumin da aka sa wa ɗaya daga cikin lambobin yabo na wannan fanni sunansa. A farkon shekarun 1950 Gertrude Elion da George Hitchings suka haɗa wani sinadari, 6-mercaptopurine, a ɗakin gwaje-gwajensu. Wanda ya ɗauke shi ya kai shi gadon yara masu sankarar jini a asibitin Memorial da ke New York, ya auna yawan da za a ba su, ya bi sawun jininsu mako bayan mako, shi ne Joseph Burchenal. A 1953 aka amince da maganin a Amurka. Elion da Hitchings sun samu lambar Nobel a 1988. Burchenal bai samu ba, ko da yake yana cikin 'yan Lasker na 1972. Ƙungiyar Binciken Kansa ta Amurka, wadda aka kafa a 1907 kuma aka fi sani da AACR, ta kafa lambar yabo da sunansa a 1996, musamman don irin wannan aiki na bakin gado, kuma wanda ya samu yakan gabatar da lacca a babban taronta na shekara. Takwararta, ƙungiyar likitocin kansa ta ASCO da aka kafa a 1964, tana da tata mai sunan David Karnofsky. Abin sha'awa, Karnofsky da Burchenal abokan aiki ne, kuma tare suka fitar da ma'aunin nan da likitoci ke amfani da shi har yau, daga 100 zuwa sifili, don auna ƙarfin majiyyaci: yana iya aikinsa, ko sai an taimaka masa, ko ya kwanta ke nan. Ka ga irin gudunmawar da ba ta da ƙyalli, amma in babu ita ba yadda za a kwatanta sakamakon asibiti ɗaya da na wani.

Tsarin miƙa suna kansa ba shi da sarƙaƙiya. A kan fitar da sanarwa watanni kafin taro, a sa ranar rufewa. Mai gabatarwa zai rubuta wasiƙar da ke bayyana abin da ɗan takarar ya yi, ya haɗa da tarihin aikinsa da jerin muhimman rubuce-rubucensa a mujallun kimiyya, wani lokaci da wasiƙun goyon baya daga wasu masana. Kwamiti na ƙwararru ya karanta, ya tace, ya tattauna a asirce, ya kaɗa ƙuri'a. Kowace lamba da ƙa'idojinta. Na Nobel su ne suka fi tsauri kuma suka fi shahara: sai wanda yake da hurumi ko aka aika wa takardar gayyata ne zai miƙa suna, ana rufewa ranar 31 ga Janairu, ba a yarda mutum ya gabatar da kansa ba, ba a raba lamba ɗaya ga fiye da mutum uku, farfesoshi hamsin na Cibiyar Karolinska ne ke yanke hukunci a fannin likitanci, kuma ba a buɗe sunayen da aka miƙa sai bayan shekara hamsin. Ba a kuma bai wa mamaci. An taɓa samun tangarɗa a 2011, lokacin da aka sanar da sunan Ralph Steinman ranar 3 ga Oktoba, alhali ya rasu kwana uku kafin nan sakamakon kansa, kwamitin bai sani ba. Aka bar masa lambar tunda an yi hukuncin da kyakkyawar niyya.

Wannan duk takarda ce. Ainihin aikin yana cikin wasiƙar.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a mayar da wasiƙar gabatarwa kirari. A jero muƙamai, a ce shugaban sashe kaza, ya wallafa rubutu ɗari kaza, an gayyace shi ƙasashe kaza. To, duk wanda sunansa ya kai teburin kwamiti yana da irin wannan. Yawan rubutu ba ya raba gardama. Abin da kwamiti ke nema amsar tambayoyi ne masu sauƙin faɗa: kafin wannan mutum, yaya ake yi wa mai wannan cuta? Bayan aikinsa, me ya canja? Mece ce hujjar cewa canjin alheri ne? Kuma da babu shi, da abin ya faru duk da haka? Wasiƙar da ta amsa waɗannan a shafi biyu ta fi wadda ta yi shafi goma tana zuba yabo.

Ɗauki Bernard Fisher, likitan fiɗa na Pittsburgh. Tun daga shekarun 1890, bisa koyarwar William Halsted, macen da ta kamu da sankarar mama ana cire mata nonon gaba ɗaya, da naman ƙirjin da ke ƙarƙashinsa, da kaluluwar hammata. Tunanin shi ne, iya faɗin abin da ka yanke iya tsirar da ka samar. Shekara kusan tamanin ana haka, ba a cika aunawa ba. Fisher ya jagoranci haɗakar asibitoci da dama a Amurka da Kanada, suka fara gwaji a 1971, sannan wani a 1976, inda aka raba mata ta hanyar ƙuri'a: wasu a yi musu babbar tiyata, wasu ƙarama. A birnin Milan na Italiya, Umberto Veronesi ya yi makamancin haka da mata 701, ya wallafa a 1981. Sakamakon ya zo ɗaya: ga macen da aka gano cutarta da wuri, cire ƙarin kawai tare da gashi da haske yana ba da tsawon rai daidai da cire nono baki ɗaya. Fisher ya karɓi Lasker a 1985. Mai rubuta masa wasiƙa bai buƙaci ko da kalmar "gwarzo" ba. Ga yadda ake yi da, ga yadda ake yi yanzu, ga alƙaluman da suka raba tsakani.

Na ambaci ƙuri'a, kuma ya kamata in ɗan tsaya a kanta, domin a nan ne wanda ba likita ba ya fi ruɗewa. Sabon magani yakan bi matakai uku. A na farko, mutane 'yan kaɗan ne, ana neman sanin adadin da jiki zai iya ɗauka. A na biyu ana duba ko akwai alamar yana aiki. A na uku ne ake ɗaukar ɗaruruwa ko dubbai, a raba su gida biyu ba tare da likita ya zaɓa ba, a bai wa wasu sabon, wasu kuma wanda aka saba, a jira a gani. Dalilin ƙuri'ar shi ne likita ɗan Adam ne. In aka bar shi ya zaɓa, ko bai yi niyya ba, zai karkatar da masu ɗan ƙarfi zuwa maganin da ya yi imani da shi, sai sakamako ya yi kyau ba don maganin ba. Bayan haka akwai batun me aka auna. Ƙari ya ragu a hoto abu ne daban. Cutar ta daɗe ba ta ci gaba ba, shi ma daban. Mutum ya ƙara tsawon rai, wannan ne babban ma'auni. Ba kullum suke tafiya tare ba. A 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da maganin bevacizumab don sankarar mama da ta bazu, bisa hujjar cewa yana jinkirta ci gaban cutar. A 2011 ta janye amincewar, domin gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su nuna yana ƙara kwana ba, ga kuma illolinsa. Da wani ya yi gaggawar miƙa suna a kan wannan aiki a 2009, da kunya ta same shi. Mai gabatarwa na ƙwarai yakan faɗi ɓaro-ɓaro wane ma'auni aka ci, ba ya fakewa da cewa "an samu gagarumar nasara".

Hausawa na cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsunsa, kuma tarihin wannan fanni ya gaskata su. Lambar Nobel ta 1926 ta tafi ga Johannes Fibiger na Denmark, wanda ya ce wata tsutsa ce ke haddasa kansar ciki a ɓeraye. Daga baya aka gano abin da ya gani ba kansa ba ce ta haƙiƙa, kuma ƙarancin sinadarin bitamin A a abincin ɓerayen yana da hannu. A daidai lokacin, Katsusaburo Yamagiwa na Japan, wanda tun 1915 ya nuna cewa shafa kwalta a kunnen zomo yana jawo kansa, an miƙa sunansa amma aka tsallake shi, kuma nasa aikin ne ya tabbata. Kwamitin Nobel ya ji jiki har ya koma ɗaya gefen, wato yawan jinkiri. Peyton Rous ya gano ƙwayar cutar da ke sa kansa a kaji a 1911, bai samu Nobel ba sai 1966, yana da shekara 87.

Wani darasin ya fi wannan ɗaci, domin an yi asarar rayuka. A shekarun 1990 an yi yayin bai wa mata masu sankarar mama maganin kemo, wato magunguna masu ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin kansa, mai tsananin yawa, wanda ke kashe ɓargo, sannan a mayar musu da ɓargon da aka ɗiba tun farko. Dubban mata a Amurka sun bi wannan hanya. A taron ASCO na 1999 aka gabatar da sakamakon gwaje-gwaje da dama, akasarinsu ba su nuna wani amfani ba, sai na Werner Bezwoda na Jami'ar Witwatersrand a Afirka ta Kudu, wanda ya zo da alƙaluma masu ban mamaki. Wata tawagar masana ta je Johannesburg a farkon 2000 don ganin fayilolin majiyyatan da idonta. Abin da suka tarar bai yi daidai da abin da aka gabatar ba. Bezwoda ya amsa cewa ya yi ba daidai ba, jami'ar ta kore shi, aka janye rubutunsa. Tun daga nan duk mai hankali da zai sa hannu a wasiƙar gabatarwa yakan tambayi kansa: wani ya maimaita wannan aiki a wani wuri ya samu abu ɗaya? In amsar a'a ce, gara a jira wata shekarar.

Sai dai zargi ma yana iya faɗawa kan mai gaskiya. Fisher ɗin nan da muka yaba, a 1994 an sauke shi daga shugabancin haɗakarsa bayan an gano wani likita a Montreal ya murɗe bayanan wasu majiyyata da ya shigar cikin gwajin. Aka sake lissafi ba tare da waɗannan bayanai ba, sakamakon bai canja ba, kuma a 1997 hukumar da ke binciken ɗa'ar masana ta wanke shi. Kwamiti mai adalci dole ya iya bambanta wanda ya yi ha'inci da wanda aka yi ha'inci a ƙarƙashin inuwarsa.

Yanzu ga gagarabadau: wa ya yi aikin?

Maganin imatinib ya mayar da wani nau'in sankarar jini daga hukuncin kisa zuwa cutar da ake rayuwa da ita ana shan ƙwaya kullum. Bi sarƙar ka gani. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka hango wani guntun kuromosom, wato ƙunshin da ke ɗauke da bayanan gado, a ƙwayoyin masu cutar, aka sa masa sunan birninsu, Filadelfiya. A 1973 Janet Rowley ta Chicago ta gano cewa musayar yanki ce tsakanin kuromosom na 9 da na 22. Wasu masanan suka gano sinadarin da wannan musaya ke haifarwa. A kamfanin Ciba-Geigy na Suwizalan, Nicholas Lydon ya jagoranci neman abin da zai toshe shi, Jürg Zimmermann ya haɗa sinadarin, Elisabeth Buchdunger ta gwada shi. Brian Druker na Oregon ya nace sai an kai shi ga majiyyata, aka fara a 1998 tare da Charles Sawyers da wasu. Cikin mutum 54 da suka sha miligiram 300 ko fiye a rana, jinin 53 ya koma daidai. A watan Mayun 2001 aka amince da maganin. To, wa za ka miƙa? Lasker ta 2009 ta zaɓi Druker da Lydon da Sawyers. Lambar yabo ta Japan ta 2012 ta zaɓi Rowley da Druker da Lydon. Magani ɗaya, kwamiti biyu, jeri biyu. Zimmermann, wanda hannunsa ya haɗa abin, ba ya cikin ko ɗaya. Hungerford kuwa ya rasu a 1993, shekara biyar kafin Nowell da Rowley su karɓi tasu Lasker ɗin.

Haka aka sake gani da magungunan da ke kwance wa garkuwar jiki takunkumi don ta yaƙi kansa. Nobel ta 2018 ta tafi ga James Allison da Tasuku Honjo. Shekara guda kafin nan, lambar Warren Alpert ta haɗa su biyun da Lieping Chen da Gordon Freeman da Arlene Sharpe, duk a kan fanni ɗaya. Kuma babu ɗaya cikin jerin biyu da ya ƙunshi likitocin da suka gudanar da gwajin ipilimumab, ɗaya daga cikin waɗannan magunguna, a kan mutum 676 masu kansar fata da ta bazu, wanda aka wallafa a 2010, gwajin da ya fara nuna cewa dabarar tana ƙara kwana. Wannan giɓi ne lambobin yabo na binciken bakin gado suke ƙoƙarin cikewa.

A ganina, gaskiyar mai gabatarwa a nan take bayyana. Akwai jarabar ka share kowa ka bar ɗan takararka shi kaɗai a fage, kamar shi ya yi komai daga tunani har allura. 'Yan kwamiti 'yan fannin ne, sun san labarin, wasunsu ma suna cikin ɗakin lokacin da abin ya faru. In suka ga an danne sunan wani, sai su daina yarda da sauran wasiƙar. Wadda ta fi tasiri ita ce mai cewa: wane ya gano kaza, wance ta haɗa kaza, shi kuwa wannan da nake miƙawa, ga takamaiman abin da ya yi wanda ba don shi ba da sarƙar ta tsinke. Shi ya tsara gwajin? Shi ya nace lokacin da kamfani ke shirin ajiye maganin? Shi ya lura da wata alama da kowa ya wuce, kamar yadda Li ya lura da hCG? A gwajin da ke da marubuta arba'in, matsayin suna a jeri ba ya isa hujja. Wani lokaci na farko a jerin shi ne wanda asibitinsa ya fi shigar da majiyyata, ba wanda ya kawo tunanin ba.

Lasker ta 1972 ta bi wata hanya: ta bai wa mutum goma sha shida a lokaci ɗaya, duk a kan maganin kemo. Ban da Li da Burchenal, akwai Emil Frei da Emil Freireich da James Holland, waɗanda suka nuna amfanin haɗa magunguna da yawa a lokaci ɗaya, da Donald Pinkel na asibitin yara na St. Jude, da Vincent DeVita, da Denis Burkitt wanda ya bayyana wata kansar yara a Yuganda a 1958, da Victor Anomah Ngu, likitan fiɗa ɗan Kamaru da ya yi aiki a kan wannan kansar a Ibadan. Wasu na cewa raba lamba haka yana rage mata armashi. Ni ban ga haka ba. Jerin ya fi kusa da yadda aikin ya gudana, kuma AACR ma tana da lamba ta musamman don tawaga.

Duk da haka akwai waɗanda kusan kullum suke bayan labule. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Masana ƙididdiga ne ke ƙayyade yawan majiyyatan da gwaji ke buƙata da lokacin da ya halatta a tsayar da shi. Hanyar da Edward Kaplan da Paul Meier suka wallafa a 1958, da ta David Cox ta 1972, su ne ƙashin bayan kusan kowane zanen tsawon rai da za ka gani a mujallar kansa. Cox ya yi sa'a, ya samu lambar Kettering ta binciken kansa a 1990, amma irinsa ba su da yawa. Ga ma'aikatan jinya masu lura da illar magani kafin kowa. Ga masu duba nama a madubin likita. Ga mata irin su Dora Richardson, wadda ta haɗa tamoxifen a 1962 a kamfanin ICI na Ingila, da Moya Cole ta asibitin Christie a Manchester, wadda ta fara gwada shi a kan masu sankarar mama aka wallafa a 1971. Miliyoyin mata sun sha wannan magani, kaɗan ne suka taɓa jin sunayen nan biyu. Masanin zamantakewa Robert Merton ya yi bayanin wannan tun 1968: in sananne da wanda ba a sani ba suka yi aiki ɗaya, yabon kan gangara wurin sanannen. Margaret Rossiter ta ƙara a 1993 cewa in mace ce a ɗaya gefen, gangaren ya fi tsayi. Lamba kuma tana jawo lamba, domin mai gabatarwa yakan zaɓi wanda yake ganin zai ci, wanda zai ci kuwa shi ne wanda ya taɓa ci.

Akwai kuma siyasar da ba a rubutawa. Manyan cibiyoyi suna da ofis ko kwamiti da aikinsa ke nan, bin ranakun rufewa da shirya takardun mutanensu. Likitan da ke ƙaramin asibiti, ko ƙasar da ba a wallafa bincike da Ingilishi, ba shi da mai yi masa wannan. Batun alaƙa ma yana nan: malami ya miƙa ɗalibinsa, ɗalibi ya miƙa malaminsa, wani yana da hannun jari a kamfanin da ke sayar da maganin. Wannan ba laifi ba ne kai tsaye, tunda wanda ya san aikinka shi zai iya bayyana shi. Laifin shi ne ɓoyewa. A faɗa a fili, ɗan kwamitin da ke da alaƙa da ɗan takara ya fita daga ɗakin in an zo kansa.

Labarin da ya fi nuna mini nauyin mai gabatarwa ya fito ne daga ƙasar Sin. Akwai wani nau'in sankarar jini mai saurin kisa ta hanyar zubar jini, wanda likitoci ke kira APL. A farkon shekarun 1970, a birnin Harbin, wani likita mai suna Zhang Tingdong da abokan aikinsa suka fara gwada allurar da ke ɗauke da asenik, gubar nan da aka sani tun zamanin da, a kan masu sankarar jini, suka kuma lura cewa masu wannan nau'i ne suka fi amfana. Sun wallafa da Sinanci a mujallun yankinsu, waɗanda kusan ba mai karanta su a waje. A Shanghai kuma, a tsakiyar shekarun 1980, Wang Zhenyi ya gwada wani dangin bitamin A, ya ga yana sa ƙwayoyin kansar su balaga maimakon a kashe su. Nasa aikin ya fito da Ingilishi a 1988, kuma a 1994 ya raba lambar Kettering da Laurent Degos na Faransa. Wani gwaji da aka yi a Italiya da Jamus, aka wallafa a 2013, ya nuna cewa haɗa magungunan biyu yana warkar da fiye da kashi casa'in cikin ɗari na masu cutar da ba ta yi tsanani ba, ba tare da kemo ba. Lambar Sjöberg ta Suwidin ta 2018 ta karrama Zhu Chen da Anne Dejean da Hugues de Thé, waɗanda suka bayyana yadda magungunan ke aiki a cikin ƙwayar jiki.

Zhang kuwa ya daɗe ba a ambatonsa. Sai da wasu masana na Jami'ar Peking, cikinsu har da Rao Yi, suka koma suka tono tsofaffin mujallun nan, suka bi su ɗaya bayan ɗaya, suka rubuta wa ya yi me kuma a wace shekara. A 2020 aka bai wa Zhang Tingdong da Wang Zhenyi babbar lambar kimiyya ta Future Science tare, kusan shekara hamsin bayan allurar farko. Mai haɗa magunguna na asibitin Harbin ɗin, Han Taiyun, wanda ya samo haɗin daga wani mai maganin gargajiya a ƙauye ya mayar da shi allura, ya riga ya rasu shekaru da dama kafin ranar.